A Gidan Kambai Babu Gurgu

"A gidan Kambai ba a taɓa haifar nakasasshe ba. Tun daga kakan kakana har zuwa kaina, kowa da ƙafafunsa yake tafiya!"

Dattijo Wilfred Kambai ne ya faɗi haka, yana tsaye a tsakiyar falonsa a Kafanchan, sanye da tsohon kwat ɗin da ya yi ritaya da shi daga reluwe. Ya faɗa da muryar da yake karanta Littafi Mai Tsarki a majami'a ran Lahadi, muryar da ba a yi mata gardama.

Selina, babbar 'yarsa, malamar firamare, tana durƙushe a gabansa. Bayan bangon da ya juya wa baya akwai ƙanwarta Lucia, 'yar shekara goma sha biyu, wadda shan-inna ya shanye wa ƙafafu tun tana koyon tafiya. A faɗar gidan dai Lucia zazzaɓi take yi. Ta kusa shekara goma tana wannan zazzaɓin a ɗakin baya, kuma duk baƙon da ya tambaya ana gaya masa ta ji sauƙi.

"Ina kika kai ta ran Asabar?"

"Koyon waƙa, Baba."

"Koyon waƙa!" Ya juya wajen baƙon da ke kan kujera. "Silvanus, maimaita abin da ka gani."

Silvanus akawu ne a ofishin gona, mai Vespa da wando mai share hanya. Ya daɗe yana neman Selina, kuma tun da ya ga ba ta da niyya ya koma neman ubanta. Ya ajiye kwalbar lemo a hankali.

"Baba, Allah ya sani ni ba na son gulma. Amma da ido na na gan ta, ta goya yarinyar kamar jariri, ta bi bayan layin dogo. Filin ka na can fa, Baba, guragu cike! Wannan kofur ɗin ya tara su suna dukan ƙwallo da kulki kamar masu kashe maciji. Mutane na wucewa na cewa, a'a, wancan ba 'yar Dattijo ba ne?"

Selina ta ɗago kai.

"Sannu da ƙoƙari, Silvanus. Leƙen mutane ma gwamnati na biyan ka, ko kyauta kake yi?"

"Rufe mini baki!" in ji Dattijo.

Ta rufe. Ta saba rufewa, domin ba Lucia kaɗai ake ɓoyewa a gidan ba. Yanar ido ta daɗe da cinye wa Dattijo gani, sai dai shi gajiya yake kiranta. Kowace Asabar da yamma yakan shiga ɗakin baya ya turo ƙofa, Lucia ta karanta masa ayoyin gobe, ta maimaita, ta sake maimaitawa, har su zauna masa a ka. Ran Lahadi ya hau mumbari, ya gyara tabarau, ya bi layi da yatsa, ikilisiya ta yi ta sha'awar karatunsa.

Kofur ɗin da ake magana shi ne Rufus Kumai. Ya dawo daga yaƙin basasa da harsashi a gwiwa da tafiya mai ɗingishi, ya sami aikin malamin wasanni a makarantar su Selina. A ɗakin ajiyar makarantar ya tsinci wata jaka da wani Ba'amurke ɗan mishan ya bari, cike da kulake da ƙwallaye da manyan safar hannu na fata. Wasan besbol ne, kuma Rufus ya ɗan koye shi yana yaro. Lafiyayyun yara suka duba suka ce su ƙwallon ƙafa suke so. Sai ya shiga gida gida yana tambayar yaran da ba a turawa makaranta.

Fili kuwa Dattijo da kansa ya ba shi, a gaban Fasto, da aka ce masa na wasan yara ne. Bai tambayi waɗanne yara ba.

Rani guda Rufus ya yi yana baje filin nan, yana tsince duwatsu, yana cike ramuka, saboda sandar gurgu da tayar baro ba sa shiri da gargada. Ya cika buhunan citta da yashi ya yi masaukai huɗu, waɗanda mai gudu zai bi ya zagayo. Ya kafa gungume a ɗora ƙwallo a kai, don wanda ba ya iya bugun wadda aka jefo. Ya ɗaura wa wata ƙwallon 'yar ƙararrawa saboda makafi. Kowane yaro da mai rakiyarsa, wani a riƙe masa hannu, wani a tura shi a baro. Dokar Rufus ɗaya ce, ba a fitar da kowa, duk wanda ya buga sai ya zagayo ya dawo gida. Akwai Kubra, 'yar wani direban jirgi, wadda mutane ke cewa kanta bai cika ba. Kullum ta hagu take zagayawa. Aka yi, aka yi, daga baya Rufus ya ce ai da'ira ce, duk ta inda ta bi gida za ta dawo.

A nan Selina ta fara jin dariyar Lucia da ƙarfi, tana cikin baro tana ihu, "Sista, gudu! Ke kam ba ki da amfani!"

A nan kuma ta fara lura cewa Kofur yana da wushirya.

Bayan wannan faɗan na falo ba da daɗewa ba, dangin Rufus suka zo gaisuwar neman auren Selina. Kowa ya zaci kora za a yi. Sai ga Dattijo yana murmushi, Silvanus na gefensa yana gyara masa matashi.

"Ba ni da matsala," in ji Dattijo. "Amma mu mutanen al'ada ne. Mai neman 'yar mutane yakan tara abokansa ya nome wa suruki gona. Gona na tana bayan layin dogo, ya san wurin. Ruwa ya sauka. Ina son kunyoyi manya, na dawa, daga wannan bakin zuwa wancan."

Selina na bayan labule. Ta gane filin wasan ake nufi.

Da yamma ta tare Rufus a bakin makaranta, yana ɗaure jakar kulake a bayan keke.

"Ka ce musu a'a, ko?"

"Dalin, tsaya ki ji..."

"Kar ka kira ni dalin! Ni ba masoyiyar ka ba ce! Ka ce a'a ko ba ka ce ba?"

"Na ce zan nome."

Ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa.

"Kai? Kai da ka tsince dutsen wurin da hannun ka?"

"Selina, zuciya na, Silvanus ya riga ya yi wa Baba alkawarin tarakta. In ban nome ba shi zai nome, kuma ya ɗauke ki a bayan Vespa. Filin ya tafi, ko da ni ko ba ni. Kina so in rasa fili, in rasa ke?"

"To bari tarakta ya yi! Ƙarfe bai san sunan yaran ba. Kai ka sani!"

"Zan nemi wani wuri."

"Ina? A kan dutse? Me zan gaya wa Lucia? In ce Kofur ya sayar da Asabar ɗin ki ya sayi mata?"

"Ba haka ba ne, masoyiya..."

"Haka ne! Idan garma ɗin ka ya taɓa wannan ƙasa, Rufus, ka manta da ni."

"In kuma bai taɓa ba, baban ki ya ce in manta da ke." Ya yi wata gajeriyar dariya. "Gidan ku kam kun iya ba mutum zaɓi."

Ta juya ta tafi. Ta so ya biyo ta. Bai biyo ta ba, kuma ta ƙara wannan a kan laifinsa, duk da ta san gwiwarsa ba ta gudu.

Ran Asabar Rufus ya zo da tsofaffin sojoji abokansa, kowa da garma a kafaɗa. Al'ada ta ce yarinyar da ake nema ita ke kai wa manoma kunu, saboda haka Dattijo ya tabbatar Selina ta kai. Shi ma ya zo, ya zauna a gindin mangwaro a kan kujerar da Silvanus ya ɗauko masa, yana kallon aikin da ba ya gani, yana cewa a ƙara zurfi.

Ƙasar ta yi tauri kamar daɓe. Rufus ne a gaba, yana sara yana jan ƙafa, zufa na bin gemunsa. Bai ɗago ba ko sau ɗaya.

Ba a gaya wa duk iyaye cewa babu sauran wasa a filin ba. Wajen hantsi sai ga Kubra da yayarta. Kubra ta dubi kunyoyin, ta dubi Rufus, ta ga buhun yashi ɗaya da ba a ɗauke ba tukuna, sai ta zuba da gudu ta hagu kamar kullum. Kunya ta biyu ta kayar da ita. Ta tashi ta sake gudu, ta sake faɗuwa. Yayarta ta ɗauke ta tana kuka tana miƙa hannu wajen buhun.

"Wace ce wannan mai ihu?" in ji Dattijo.

"Ba kowa, Baba," in ji Silvanus.

Selina ta dire tulun kunu a gaban Rufus har ya fantsalo masa a ƙafa.

"Barka, Kofur. Wannan yaƙin ma ka ci."

Har damina ta wuce Selina ba ta ce wa Rufus uffan ba. A makaranta in ya shigo ɗakin malamai ta fita. Ya aiko da lemo ta ba 'yan aji. Ya aiko da yadi ta goge allo da shi. Ta ji labarin ya mai da wasan bayan makaranta, wani gangare mai tsakuwa inda baro ke kifewa, kuma yara sun ragu. Lucia kam ko ƙofar gida ba ta ƙara gani ba.

Silvanus ya ci gaba da zuwa. Ya ga an yi noma ba a sa rana ba, sai ya ƙara turare.

"Malama Selina, ni fa ƙafa na biyu lafiya lau."

"To yi amfani da su, ga hanya."

Dawa ta nuna, in za a kira abin da ya fito dawa. Filin da aka daddaɓe don wasa bai ba da abin kirki ba, amma Dattijo ya kai dami ɗaya majami'a ranar godiyar kaka, ya yi jawabi a kan albarkar bin al'ada.

Wata rana Selina na tsefe wa Lucia kai, yarinyar ta ce, "Sista, har yaushe za ki yi fushi?"

"Ba ruwan ki."

"Da ruwa na. Ke kina fushi a waje, kina shan iska. Ni ina nan."

Selina ta tsaya da tsifar.

"Saboda ke nake yi, Lucia."

"Na gode. Me na samu?"

Selina ta koma tsifar, Lucia ta ci gaba.

"Kina son shi har yanzu. Jiya kin ƙona miya da aka ce ba shi da lafiya. Ki aure shi, Sista. Amarya ba ta tafiya gidan miji ita kaɗai, ai sai an haɗa ta da ƙanwa ta zauna da ita. Baba ya ce mu mutanen al'ada ne."

"Baba ya riga ya ce Paulina 'yar kawu za ta bi ni."

"Paulina ƙanwar ki ce, ko ni?"

Selina ta dubi ƙeyar yarinyar nan. Ta tuna cewa wanda aka ajiye a ɗaki shekara da shekaru ba shi da aiki sai tunani.

"Karatun Baba fa?"

"A'a," in ji Lucia, "Baba ai gajiya ce kawai. Zai huta."

Washegari Selina ta sami Rufus a gangaren bayan makaranta, yana tsince tsakuwa yana zubawa a bokiti. Ya rame. Ya miƙe da ƙyar.

"Selina..."

"Kar ka yi magana. Zan aure ka."

Bokitin ya faɗi.

"Dalin! Zuciya na!"

"Na ce kar ka yi magana! Ban yafe ba. Kubra ta faɗi sau biyu a gaba na, ban manta ba."

"Ni ma ban manta ba."

Yadda ya faɗa ya sa ta kau da kai. Ta ga tafin hannunsa duk kanta, tsohuwa da sabuwa.

"Wawa kawai," ta ce a hankali, ta kama hannun. "Ka share ɗaki biyu. Kuma ka gyara tayar baro."

Aka ɗaura aure gab da Kirsimati. Ƙungiyar zumuntar matan majami'a suka yi waƙa har muryoyinsu suka dushe. Da yamma aka taru a tsakar gidan Kambai don sallamar amarya, Fasto na nan, dangin ango na nan, dattawan ikilisiya sun cika benci. Dattijo ya tashi ya yi jawabi. Ya ambaci kakan kakansa. Ya kuma nuna cewa shi mutum ne mai sauƙin kai, tun da ga shi ya karɓi suruki mai ɗingishi ba tare da ya taɓa ambatar abin ba.

Wata tsohuwa daga dangin ango ta ce, "To, wa zai raka amarya ta zauna da ita?"

"Paul..." Dattijo ya fara.

"Ƙanwa na," in ji Selina daga ƙarƙashin mayafi. "Lucia."

Rabin mutanen wurin sun san Lucia a filin wasa, sauran rabin sun san ta a gulma.

"Ba zai yiwu ba," in ji Dattijo.

"Don me, Baba? Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Al'ada ta ce ƙanwa."

"Ba ta... tana zazzaɓi."

"Jiya ka gaya wa Fasto ta ji sauƙi."

Fasto ya gyaɗa kai, don haka aka gaya masa.

Selina ta yaye mayafin. Muryarta ta fito da ladabi, irin na 'yar gidan tarbiyya.

"Ko akwai wani abu da ke damun ta ne, Baba, wanda zai hana ta fita? Ko akwai wani aiki da take maka, wanda ba za ka iya da kan ka ba? Ka faɗa a gaban mutane, sai in haƙura."

Dattijo ya buɗe baki. Ya juya fuskarsa wajen benci, inda yake jin numfashin dattawa. Ya gyara tabarau.

"Babu abin da ke damun ta," ya ce. "Kuma ni ba na bukatar kowa."

"To alhamdu," in ji tsohuwar. "A fito da ita."

Mama Emilia, matar Dattijo, wadda tun da aka kawo ta gidan ba a taɓa jin ra'ayinta a kan komai ba, ta shiga ciki ta fito da akwatin Lucia a ɗaure. Da gani ba yau aka ɗaure shi ba.

Rufus ya shiga ɗakin baya da kwat ɗinsa na ango, ya fito da Lucia a hannu, yana ɗingishi, ƙafafunta na lilo a gaban kowa. Tana sanye da safar hannun fata. Da suka zo daidai ubanta ta ce, "Baba, sai an jima. Gobe Ishaya ne, kar ka manta."

Gobe kuwa ta zo. Dattijo ya hau mumbari, ya buɗe Littafi, ya ɗora yatsa, ya karanta da murya mai daɗi ayoyin da ya haddace a watan jiya. Aka yi ta juya shafi ana neman inda yake. Wata yarinya ta yi dariya aka make ta. Sai Silvanus ya miƙe daga benci na gaba, da fuskar tausayi.

"Baba, wannan Romawa ne. Kawo in taimaka."

Ya taimaka. Lahadi ta gaba ma ya taimaka, har kwamitin majami'a ya ga babu dalilin wahalar da tsoho, aka bar masa karatun. Silvanus kuma ya daina zuwa gaisuwa, domin babu sauran abin nema a gidan.

Bayan sabuwar shekara Mama Emilia ta zo gidan amarya da saƙo.

"Baban ku ya ce Lucia ta zo ta kwana biyu. Wai ɗakin ta yana tara ƙura."

Lucia na zaune a baranda tana shafa wa safar hannunta man kaɗanya.

"Mama, ki gaya wa Baba ran Asabar ina da wasa. Da a filin da ne, akwai inuwar mangwaro, in an tashi sai in karanta masa ko sura nawa yake so. Amma filin ya lalace."

"Haka zan faɗa?"

"Haka."

Mama Emilia ta sha ruwa, ta gyara ɗankwali, ta tafi. Selina ta rantse ta ga gefen bakinta ya motsa.

Ran Litinin da safe Rufus ya ɗauko Selina a keke za su makaranta. Da suka zo bayan layin dogo sai ya taka birki.

Akwai mutum a filin, shi kaɗai. Ya rataye kwat ɗin reluwe a reshen mangwaro, ya naɗe wando zuwa gwiwa. Yana sarar kunya da fartanya, ya ja ƙasar cikin kwari, sannan ya bi da tafin ƙafa yana lalube. In ya taka dutse sai ya sunkuya ya nemo shi ya sa a aljihu. Ya baje ɗan wuri kamar faɗin tabarma. Sauran kunyoyin suna nan a jere har bakin wancan gefen, manya, masu zurfi, yadda ya ce a yi su.

Wani mai tura itace ya tsaya.

"A'a, Baba Dattijo! Da kan ka?"

"Motsa jiki ne," in ji Dattijo, bai ɗago ba. "Likita ya ce yana da kyau."

Rufus ya fara sauka daga keken.

"Bari in karɓa masa, dalin. Ba zai gama ba kafin..."

Selina ta zagaye ƙugunsa da hannu, ta kwantar da kai a bayansa, karo na farko tun kafin damina ba tare da ya roƙa ba.

"Bar shi, mai gida na. Tuƙa, mun makara."

Suka wuce ta gabansa kaɗan. Ya ɗago da jin ƙarar sarƙar keke, ya dubi wajensu bai gane kowa ba, ya ce, "Sannunku." Sannan ya tofa yawu a tafin hannu, ya lalubo kunya ta gaba da ƙafa.